Ba a Yi wa Dashe Godiya

Litinin, 9 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Labulen kicin ɗin Arnetta a sauke yake. Na san tana asibiti, na san babu mai ɗaga shi, amma sai da na tsaya a bakin tagata da kofi a hannu ina kallo har ya huce. Sabo turken wawa. Shekara arba'in da biyar muna maƙwabtaka, kullum safiya ita ke fara ɗaga nata, ni in ɗaga nawa, an kwana lafiya ke nan, sai mu fito bakin shinge kowa da kofinta mu yi gulmar gari.

Littafin nan jikata ce ta ba ni Kirsimetin bara waccan. Ban taɓa buɗe shi ba, don duk abin da ya isa a rubuta na riga na zazzage wa Arnetta ta kan shinge kafin ƙarfe takwas. Yau ga ranarsa ta zo.

Jasamin ya buɗe sosai. Ya yaɗu a kan shingen da ke tsakaninmu, rawaya tun daga bakin titi har ɗakin ajiya, ƙanshinsa har cikin kicin. Ban je kusa da shi ba tun ranar Alhamis.

Talata, 10 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Sun dawo da ita. Yvonne, 'yarta, ta zo daga Detroit tun ranar Juma'a, ita ta tuƙo ta. Na fito baranda na ɗaga hannu. Arnetta ta sauko daga mota da ƙafarta, ta kalli akwatin wasiƙa, ta kalli bishiyar ƙofar gida, ta kalli karen gidan Hoyt da ke tsallaken titi. Ni kaɗai ce ba ta gani ba a duk layin.

Can anjima Yvonne ta shigo. Yarinyar da na yi wa kitso a kan matakalar nan, yanzu furfura ta fara mata.

"Anti Verlie, ba don ke ba da yanzu wani zancen ake yi."

"Zauna, akwai shayi mai ƙanƙara."

"Likita ya ce ta gama zama ita kaɗai. Zan tafi da ita ranar sha huɗu ga Maris. Na ɗauki hutu har zuwa lokacin."

"Ita ta yarda?"

"Ba tambayarta na yi ba, Anti."

Na goge teburin da ba shi da datti. Na ce, ni fa, me ta ce a kaina? Yvonne ta tsaya juya ƙanƙara a kofi.

"Faɗa mini, ba yau na fara jin bakin uwarki ba."

"Ta ce kar in bari ki taka mata baranda."

Kwana talatin da biyu. Na ƙirga a kalanda sau biyu. Ba na so matar nan ta bar garin nan tana fushi da ni, shi ke nan abin da nake roƙon Ubangiji.

Laraba, 11 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Labule a sauke. Tana ciki, na ga fitila.

Alhamis, 12 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Sati ɗaya ke nan.

Tana da gaskiyar fushi, gara in rubuta wannan kar in yaudari kaina. A watan Oktoba ne, ranar wata Talata, na gan ta ta fito da hular coci da farar safar hannu, jaka a hammata, tana jirana mu tafi sujadar Lahadi. Da ta gane, ba ta yi dariya ba. Ta zo bakin shinge ta kama hannuna ta ɗora a kan turken ƙofa.

"Yarinya, Yvonne ba za ta ji wannan ba."

"Haba Arnetta, kowa yana mantuwa."

"Ban tambaye ki kowa ba. Ce kin yi alkawari."

Na yi. Wata huɗu ina riƙe da shi. Ina zagawa in kashe mata murhu, in ciro makulli daga firji in mayar kan ƙusa kafin ta lura, in ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu in amsa. Ranar Alhamis kuwa na kira motar asibiti, na ajiye waya, na sake ɗauka na kira Detroit. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nake faɗa wa kaina, amma bai hana ni jin na ci amana ba.

Asabar, 14 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Yau na zauna a baranda ina gyaran wake, iska tana kawo ƙanshin nan, sai ga ni a shekarar da na zo.

Ina da ashirin da ɗaya Odell ya kawo ni gidan nan amarya, da akwati ɗaya da tukunyar ƙarfe ta kakata. A Philadelphia na tashi, bene hawa na uku, ban taɓa shuka ko albasa ba. Tsakar gida fetal, yashi da jar ƙasa. Kwana uku da tarewa sai ga wata doguwar mace ta leƙo ta kan wayar shinge, da gwangwanin kitse a hannu, wani ɗan tsiro mai ganye shida a ciki.

"Ke ce amaryar Odell? Ungo. Jasamin ne, daga dajin bayan gonar babana. Ganyensa ba ya zuba ko ana tsananin sanyi, kuma shi ke fara fure kowa yana barci."

Ni kuwa da tarbiyyar uwata na miƙa hannu biyu na ce, "Na gode ƙwarai da gaske." Sai ta fizge gwangwanin kamar na zage ta.

"Kash! Yarinya, kin kashe shi."

"Me na yi?"

"Wa ya ce miki ana yi wa dashe godiya? A biranen naku ba a koya muku komai ba? Dashen da aka gode wa ba ya kamawa, kowa ya sani."

Na ce to yanzu yaya za a yi, hawaye na shirin zubo mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce magani ɗaya ne. Ta je ta ajiye gwangwanin a kan matakalar barandarta, ta juya mini baya, ta harɗe hannu tana kallon sama.

"Na sata dai yana kamawa," in ji ta. "Ni ban ga kowa ba."

Na zaga ta ƙofa, na sunkuci gwangwanin, na ruga gida kamar ɓarauniyar gaske. Ina jin ta a baya ta ɗaga murya don duk layin su ji: "Jama'a, an yi mini sata da rana tsaka, kuma ban ga ɓarawo ba!"

Ya kama kuwa. Ita ta koya mini sauran: ƙafarsa a inuwa, kansa a rana. A rufe gindinsa da busasshen ganyen bishiyar fain. Kar a cika masa taki, sai ya yi ta ganye ya manta da fure, kamar wasu mazan da muka sani. A ɗaure sabon reshe da tsohuwar safa har ya koyi naɗe kansa a waya. Ba a yi masa aski sai fure ya gama zuba. Tata uwar shukar ta mutu a babban sanyin nan da ya fasa mana famfuna, don haka duk abin da ke kan shingen yau kayan satata ne. Ita ta laƙaba mini "yarinya" tun ranar, ga shi ina da jikoki biyar ba ta daina ba.

Lahadi, 15 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Bencinmu shi ne na huɗu a hagu tun kafin a sa wa coci fanka. Yau Yvonne ta zaunar da ita a na biyu a dama. Na zauna ni kaɗai, jakata a wurinta.

Da aka tashi Sista Pinckney ta tare ni a ƙofa, ido na ƙyalli.

"Sista Verlie, wai me ya faru ne takamaimai? An ce ke kika same ta."

"An ce kuma kek ɗinki na Lahadin da ta wuce na kanti ne. Ni ban yarda ba."

Ta tafi. Allah ya yafe mini, a ƙofar coci.

Talata, 17 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Na gasa burodin masara a tukunyar kakata, na naɗe shi a tawul na kai. Ban taka baranda ba, na tsaya a ƙasan matakala. Tana zaune a kujerarta mai lilo, bargo a cinya. Yvonne ta karɓa ta miƙa mata.

Ta dube ni tsaf ta ce, "Na gode, baiwar Allah. Kin kyauta."

Shekara arba'in da biyar ina kai wa matar nan abinci. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini ta gode ba. Cewa take, "Kin sake zuba sukari, 'yar birni," sannan ta cinye rabi a tsaye. Ban sani ba ko horo take yi mini, ko kuwa mantuwar ce ta sa ba ta gane ni ba. Na fi son ya zama horo. Na dawo gida na zauna a kicin na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 18 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Labule a sauke.

Alhamis, 19 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Yvonne ta same ni ina shanya.

"Anti, abin nan na kan shinge, so nake a sare shi."

"Wane abu?"

"Kin san abin da nake nufi. Jiya na shiga wanka minti goma, na fito na same ta a tsaye a gabansa."

"Kallo take yi."

"Ranar nan ma da kallo aka fara."

Na ce saiwarsa a gefena take, ba mai sare mini shi, amma zan aske duk abin da ya leƙa gefensu, har inda hannu zai kai. Ta ce za ta nemo mai injin yankan ciyawa ya yi. Na ce in mai inji ya taɓa shingen nan sai dai ta nemo masa motar asibiti shi ma. Ta yi dariya, karon farko tun da ta zo. Dariyar uwarta ce sak.

Asabar, 21 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na yi. Safar hannu, riga mai dogon hannu saboda ruwansa yana sa ƙaiƙayi, da almakashin Odell. Tun tara na safe har ɗaya. Aski cikin fure, abin da ko yaro a layin nan ya san ba a yi. Buhu shida na cika, kowanne rawaya, zuma suna bina suna tambayar dalili. Na ɗaure bakin buhunan na kai su ɗakin ajiya na kulle.

A can ƙarshe, kusa da turken kusurwa, almakashi ya bugi wani abu. Jan bulo ne. Na manta da shi sam.

Duk shekara in fure ya zuba, mukan zaɓi dogon reshe ɗaya mu kwantar da shi a ƙasa, mu ɗan kankare bayansa da wuƙa, mu rufe da ƙasa, mu danne da bulo. Kafin shekara ta zagayo ya yi saiwar kansa. Duk wadda ta yi aure a coci ko ta tare sabon gida, nata ne. Rabin shingayen garin nan jikokin wancan gwangwanin kitsen ne, kuma babu wadda ta taɓa gode mana. Bara Arnetta ce ta ɗora bulon. Na tuna na ce mata bana ai babu mai aure, sai ta ce, "Ba a rasa mai tafiya."

Na ɗaga bulon. Saiwa fara sol, ta fi tsawon yatsana. Na yanke shi daga jikin uwar, na tono shi da ƙasarsa, na huda gindin gwangwanin kofi da ƙusa, na dasa shi. Ganye tara.

Ina durƙushe a wurin na ga gefen labulen ya motsa. Ko iska ce.

Litinin, 23 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Ya yi yaushi. Na mayar da shi inuwa bayan tankin ruwa.

Laraba, 25 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ganye biyu sun zube. Saura bakwai.

Duk yaron da ya tashi a layin nan Arnetta ce ta koya masa bambancin. Akwai furen mai-zuma da ke fitowa a watan Mayu, fari-fari, wanda yara ke tsinkewa su zare zaren gindinsa su tsotse ɗigon zaƙin. Mu ma manya mun tsotsa, har Fasto na taɓa kamawa. Akwai kuma jasamin, wanda tun daga saiwa har fure guba ne. Takan jera su a bakin shinge kamar sojoji, fure ɗaya a kowane hannu.

"Wannan fa?"

"A tsotsa!"

"Wannan fa?"

"A kalla kawai, Mis Arnetta!"

Ɗana Lamar yana da shekara huɗu ta hango shi daga taga ya kai rawaya baki. Ta tsallake shingen nan da siket, mace mai ciki wata bakwai, ta sa yatsa ta ƙwaƙulo shi daga bakinsa, sannan ta zabga masa ɗaya a ɗuwawu, ni ma ta kusa ba ni nawa.

Ita ce na samu ranar Alhamis ɗin nan, gaban rigarta cike da furen, tana murmushi irin na 'yar shekara bakwai, tana miƙo mini ɗaya. "Zo ki sha, zuma ce." Ban san nawa ta riga ta sha ba. Idonta ɗaya ya fara rufewa.

Sauran ba zan rubuta ba.

Juma'a, 27 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Labule a sauke. Ganye bakwai.

Lahadi, 1 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwa tun asuba, ban je coci ba. Na ce gwiwa ce.

A irin wannan makon Odell ya rasu, shekara tara ke nan. Ranar jana'iza gida ya cika da furannin kanti masu ƙanshin sabulu. Arnetta ta shigo da safe da reshe ɗaya na jasamin, ta soke masa a aljihun kwat, ta ce, "Shi ya kafa wayar shingen, ya tafi da ladansa." Bayan mutane sun watse, wata guda cur tana kwana a ɗakin Lamar, wai gidanta yana yoyo. Gidanta bai taɓa yoyo ba. Da na buɗe baki zan yi mata godiya, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Kul. Ni ma dashe ce."

Ina kewarta, alhali tana nan taku ashirin daga inda nake zaune.

Talata, 3 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Sabon toho! Ɗan mitsitsi, ja-ja, a hammatar ganye na uku. Na juya zan ƙwala mata kira ta kan shinge, har na ja numfashi.

Alhamis, 5 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ana ta fitar da kaya. Hulunanta na coci goma sha ɗaya an rarraba wa matan ƙungiyar mawaƙa. Sista Pinckney ta samu shuɗiyar, wadda ba za ta yi mata kyau ba.

Yvonne ta shigo da yamma ta zube a kujera. Na zuba mata wake da shinkafa da dafaffen ganye, ta ci kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba. Sannan na ɗauko gwangwanin na ajiye a gabanta.

"Na mamanki ne. Ita ta danne shi bara."

"Anti Verlie! Gubar zan ɗauka in kai gidana?"

"Ki saurare ni tukuna."

"Kuma a Detroit? Ƙanƙara har gwiwa? Sati ɗaya ba zai yi ba."

Na ce ba a ƙasa za ta dasa shi ba. Ta bar shi a tukunya, da zafi a waje, da sanyi a tagar da rana ta fi bugawa, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ruwa sai ƙasa ta bushe a yatsa. Ganyen ba ya jan kowa, furen ne ke ruɗi.

"To in ya yi furen fa?"

"Ɗan ƙarami irin wannan, sai ya shekara biyu ko uku kafin ya yi."

Ta dube ni, na dube ta. Mu biyun mun san shekara biyu ko uku tafiya ce mai nisa ga Arnetta. Can sai ta kifa kai a kan teburina, na dafa mata baya kamar lokacin da take faɗowa daga keke.

Da za ta fita ta ce, "Ban yi alkawari ba. In ta karɓa, to. In ta ƙi, kar ki ji haushi."

Lahadi, 8 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ina ba dashen ruwa a bayan tanki na ji takunta. Ta zo ta tsaya a gaban shingen ta gefenta, inda na aske, waya tsirara da guntayen rassa. Ba ta san ina nan ba, ko ta sani.

"Wane jahili ne ya yi aski cikin fure?"

Na miƙe na ce, "Ni ce."

Ta dube ni ta cikin wayar. Na daɗe ban ga idon nan kusa haka ba. Na jira zagi, da na karɓa hannu biyu. Sai kawai ta ja tsaki ta juya ta koma ciki.

Amma tsakin nata ne, na san shi. Ba a yi wa baƙo irin wannan tsakin. Na ƙirga shi rabin magana.

Laraba, 11 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Labule a sauke. Toho uku. Kwana uku.

Juma'a, 13 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Babbar motar kaya ta zo ta tafi. Kujera mai lilo a saman kaya, ƙafafu a sama.

Na wanke gwangwanin ta waje, na sa masa ɗan sanda da zare. Na gwada abin da zan faɗa mata a gaban madubi har sau huɗu, duk bai yi ba. In na ce ta yafe mini, ƙarya ne, don ko yau aka sake zan sake kiran. In ban ce ba, me ya rage?

Abin da nake tsoro ba ta ƙi karɓa ba ne. Tsorona ta karɓa da fara'a ta ce ta gode.

Asabar, 14 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Da safe na duba. Babu labulen ma, an cire. Taga tsirara, ana hango bangon ciki.

Ƙarfe tara Yvonne ta fito da mota. Na sa rigar coci, ban san dalili ba, na ɗauki gwangwanin na zaga ta ƙofa na tsaya a ƙasan matakala. Arnetta ta fito da kwat ɗinta mai ruwan toka, jaka a hammata. Ta tsaya a saman matakala tana kallon abin da ke hannuna. Duk jawabin madubi ya gudu.

Na ce, "Ungo. Jasamin ne."

Ba ta miƙo hannu ba. Sai Yvonne ta zo gefenta da sauri, ta sunkuyo ta karɓa.

"Kawo, Anti. Mun gode, mun gode ƙwarai, Allah ya..."

Ji kake tas! Jakar Arnetta a kan damtsen Yvonne.

"Kash! Yvonne, kin kashe shi!"

"Mama, me na yi?"

"A gidan nan na haife ki ko a kanti na sayo ki? Ana yi wa dashe godiya? Detroit ta cinye miki hankali. Mayar mata!"

Yvonne ta miƙo mini gwangwanin, baki buɗe. Arnetta ta sauko matakala ɗaya-ɗaya, tana riƙe da ƙarfe, har ta zo daidai da ni. Ta ɗaga ganye ɗaya da yatsa, ta leƙa tohon, ta danna ƙasar ta ji danshinta.

"Kin cika masa ruwa."

"Jiya kawai na ba shi."

"Kin cika. Yarinya, bakinki ba ya riƙe magana, amma hannunki ba laifi." Ta nuna gidana da haɓa. "Me kike jira? Je ki ajiye shi a matakalarki. Ki juya baya."

Na je. Na ajiye shi a matakala ta biyu, na juya na fuskanci ƙofata, na harɗe hannu. Na ji takunta a kan tsakuwa, a hankali, tana jan ƙafar hagu. Na ji nishinta da ta sunkuya, na ji gindin gwangwani ya karci siminti. Sai na ji tafin hannunta a tsakiyar bayana, da ɗumi, ya ɗan daɗe a wurin.

"Kar ki juyo," in ji ta. "Sai mun sha kwana."

Na ji ƙofar mota ɗaya, na ji ta biyu. Karen gidan Hoyt ya yi haushi. Na tsaya ina kallon fentin ƙofata da ya fara ɓarewa, har ƙarar ta kai mahaɗar titi, har na daina jin ta.

Da na juyo babu mota, babu gwangwani, sai zoben ruwa a kan matakala. Hoyt yana tsaye a tsallaken titi da jarida a hannu, yana kallona kamar na zautu.

"Mis Verlie, lafiya dai?"

Na share fuska da bayan hannu, na ɗaga murya yadda duk layin za su ji.

"An yi mini sata da rana tsaka, Hoyt. Kuma ban ga ɓarawo ba."